Ranar da Baba Mai Gurmi Ya Manta Waƙarsa

Shekarun baya, lokacin da gidan silimar da ke kusa da mu a Sabon Gari yake tashe, akan buɗe ƙofa tun bayan La'asar. Gidan ba shi da rufi, sai bencuna da farin bango. Kafin duhu ya yi a haska fim, makaɗa ke riƙe jama'a. A cikinsu babu kamar wani abokin mahaifina, dattijo mai gurmi, wanda muke kira Baba.

Tsufa ya fara cinye masa baitoci. Sau biyu yana tsayawa tsakiyar waƙa, har mai gidan silimar ya ce in an kuma, zai sa faifai a madadinsa. Wata safiya sai ga shi a zaurena.

"Malam, an ce hannunka na da kyau. Ka rubuta mani su, ka zamna bayana. In na ɓace, ka raɗa mani."

Ni da aka sani da allo da tawada, me zai kai ni gidan silima? Amma na ga yadda yake murza hularsa, na kasa cewa a'a. Na feƙe sabon alƙalami daban, don kada in haɗa shi da na rubutun Alƙur'ani. Mako biyu yana rerawa ina bi da ajami.

Malaminmu ya koya mana rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan kowace takarda, saboda ba a ɗinke su. Ni kuwa na ce ai waƙa ce, na tsallake.

Ranar wasan gida ya cika, har da mutanen Tibiri da Jiratawa, garuruwan kusa da mu, da suka ci kasuwa suka biyo. Baba ya ɗauko waƙarsa ta mata magina tukwane. Gurmin nan kamar yana magana. Yana tsakiya sai ya yi shiru, hannu na kaɗawa, baki ya tsaya. Ya karkato kunne wajena.

Na zabura, takardun suka zube daga cinyata. Na tattara, amma wacce ke bin wacce? Na hango mai gidan ya miƙe ya nufi wajen faifai.

Sai wata dattijuwa daga bencin baya ta ɗaga murya ta ja baitin. Matan da ke gefenta suka karɓa, maza suka bi. Baba ya rufe ido, ya bar su suka kai ƙarshe, sannan ya ɗora. Da ya gama ya ce, "Inna, daga ina?"

"Jiratawa mana! Da ita muke cuɗa yumɓu, kai ka manta, mu mun manta?"

Aka tuntsire da dariya. Mai gidan ya koma ya zauna. Baba ya juyo gare ni: "Malam, aje takardunka, ga ɗalibbanka nan."

Ya ci gaba da wasa a wurin har ƙarfinsa ya ƙare, Allah Ya gafarta masa. Duk inda ya tsaya, mutanen benci ke ɗaga shi.

Yau gidan ya zama ma'ajiyar hatsi. Takardun sun daɗe cikin gafakata, na kasa jera su. Bara na kai su Jiratawa, jikar dattijuwar nan ta zaunar da ni gefen tukwanenta. Tana rerawa, ina jerawa.