Wasiƙar Yaya daga Warri

Shekarun baya, wata hantsi da ƙamshin suyar ƙuli-ƙuli ya cika gidanmu a Roni, aka kawo wa gwaggona wasiƙa. Daga ɗanta tilo ce, wanda muke kira Yaya. Ya bi samarin da suka tafi Warri neman aiki lokacin da harkar man fetur ta fara jan mutane zuwa kudu, kuma wata takwas ke nan ba ta ji ɗuriyarsa ba.

Ni kuwa na dawo hutu daga makarantar kwana ta 'yan mata a Kazaure, ina aji uku, ina ji da kaina. Ina da wani ɗan littafi da nake tara maganganun Turanci a ciki, irin waɗanda za ki san kowace kalma amma ma'anar ta ɓuya miki. Ina son su kamar yadda ƙawayena ke son 'yan kunne.

A gidanmu ba a karanta wasiƙa a tsaye. Sai an shimfiɗa tabarma, mai wasiƙa ta wanke hannu, matan gida sun zauna.

"Zo nan, Baturiya," in ji Gwaggo. "Yau za mu ga amfanin takalmin makarantar nan."

Da Turanci take, domin Yaya bai yi boko ba, mai rubuta wasiƙa ya rubuta masa. Na ɗora yatsa a layi ina fassarawa. Yana gaishe da kowa, har da akuyar Gwaggo. Aka yi dariya. Sai na iso wurin da ya ce shi "a bit under the weather" yake. Nan take na gane irin maganganun nan ne, kuma wannan ba ta cikin littafina. Na ɗaga kai, na ga Gwaggo ta daina ƙifta ido.

Kunyar in ce ban sani ba ta kama ni. Na ce, "Ya ce garin akwai ni'ima, iska mai sanyi tana tasowa daga ruwa da yamma, shi kuma lafiyarsa lau."

Mata suka yi hamdala. Gwaggo ta cika mini hannu da ƙuli-ƙuli mai zafi, na kasa cin ko ɗaya.

Washegari na tafi gidan tsohon hedimastanmu na firamare, na durƙusa na nuna masa jimlar.

"Ba ya jin daɗin jikinsa ke nan," ya ce. "Ke me kika faɗa wa uwarsa?"

Na faɗa masa abin da na ce mata.

"To tashi ki je ki gyara, tun kafin maganar ta huce."

Na tarar da Gwaggo tana matse mai. Na faɗa mata komai. Ba ta ko ɗago ba.

"Ai na sani. Tun daga farko yatsanki yana bin layi. Da kika zo kan iskar nan taki sai yatsa ya tsaya, baki ya ci gaba da tafiya." Ta yi 'yar dariya, ta goge ido da bakin zane. "'Yar nan, gobe in ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba. Ɗana ne a cikin takardar nan, ba waƙa ba."

A makon nan ta sami direban motar shanu mai zuwa kudu, ta ba shi saƙon magani da man shanu.

Har yau ina son maganganun nan na Turanci, amma tun ranar na daina ganinsu kayan ado. Nakan yi kewar zaman tabarmar nan, lokacin da takarda guda take tara gida gaba ɗaya.

Sai bayan rasuwar Gwaggo, Yaya ya riga ya yi furfura, ya faɗa mini sauran labarin. A gadon asibiti aka rubuta wasiƙar, bayan bututun ƙarfe ya karya masa ƙafa. Ba zai iya yi wa uwarsa ƙarya ba, ba ya kuma son hankalinta ya tashi. Shi ne ya ce wa mai rubutun ya faɗi gaskiya, amma da Turancin da yarinyar gidansu ba za ta gane ba.