Aibin da Baba Mai Washi Ya Ƙi Gyarawa

Kafin masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu, Baba Mai Washi ya riga ya yayyafa wa dutsen washinsa ruwa. Shagon nasa ɗan lungu ne tsakanin mai facin taya da mai sayar da katifa, in mutum uku suka shiga sai na huɗu ya tsaya a waje. Yana zuwa sai ya rataye hularsa a ƙusa, ya shimfiɗa tsumma a cinya, ya jera magagari da 'yar guduma da awartaki da kwalbar man keke, sannan ya jawo wani tsohon gwangwanin madara cike da ƙananan ƙusoshi da sifirin, ɗan ƙarfen nan mai tsalle da ke bayan wuƙar aljihu. Mata masu sayar da kifi ne ke fara zuwa, sai mahauta, sai teloli da almakashinsu. Mu kuwa sai yamma ta yi muke hallara, mu cika masa benci da surutu.

Mu ne masu son wuƙar aljihu, irin mai ninkewar nan. Kada ku tambaye ni yadda aka yi magidanta masu iyali suka mayar da wuƙa abin hira, ni ma ban sani ba. Matata ta ce ko kaji suka ji mu sai sun yi dariya. Kamfani ɗaya ke ƙera wuƙar da muke magana a kai, amma iri biyu ce. Tsohuwar ƙira ƙotar katako gare ta, ƙarfenta na tsatsa in an yi sakaci, kuma sifirin ne kawai ke riƙe ta a buɗe. Sabuwar ƙira ƙotar roba ce, ba ta tsatsa, tana da ɗan maɓallin kulle don kada ta rufe a yatsa. A kan wannan muka rabu gida biyu shekara da shekaru. Direba, ɗaya daga cikin 'yan tsohuwa, na cewa da tsohuwar zuma ake magani, Tela, jagoran 'yan sabuwa, na cewa in kiɗa ya canza rawa ma canzawa take yi. Mu 'yan tsohuwa babbar hujjarmu ita ce ƙarar rufewa. Muna rantsuwa cewa tamu in ta rufe sai ka ji nauyi, tasu kuwa kamar an rufe gwangwani.

Ni ne shugaban 'yan tsohuwa, kuma ba don na fi kowa baki ba. Wuƙata ta mahaifina ce. Mai ɗaurin kaya ne a tasha, ya rasu ina ƙaramin yaro, kuma bayan wannan wuƙa babu wani abu nasa da ya iso hannuna, ko hoto. In na ciro ta a aljihu ji nake kamar mun gaisa.

Baba Mai Washi bai taɓa shiga musunmu ba. In muka matsa masa sai ya ce, "Kowacce in ta zo nan ciwo ne ya kawo ta," ya ci gaba da aikinsa. Da farko mun ɗauka tsoron rasa abokan ciniki ne, daga baya muka ce wayo ne, ƙarshe muka rasa sunan da za mu ba abin.

Abin da ba mu taɓa musu a kansa ba shi ne halinsa. Direba na nan zaune ranar da wani magidanci ya shigo idonsa jawur, ya dire wuƙa a kan tebur, ya ce a wasa masa ita yanzu-yanzu, gaba da baya. Kowa ya ji labarin cewa sun yi kaca-kaca da ɗan'uwansa a ranar. Baba bai yi masa wa'azi ba. Ya juya wuƙar, ya bugi ƙusarta ta fita, ya warware ta ɗaiɗai a kan tsumma, ya ce, "Ɗana, sifirinta ya gaji, ba ta haɗuwa yau. Ka dawo." Mutumin ya yi ta bambami, Baba na cewa, "Haƙuri za ka yi." Da ya dawo bayan kwanaki kansa a ƙasa yake. Ya zauna, ya ce, "Baba, kada a yi mata kaifi sosai, igiya kawai nake yankawa."

Akwai kuma wata mai kifi da ta ƙone a hannu, yatsunta biyu suka daina lanƙwashewa, har ta yi niyyar barin sana'a. Baba ya sa ta damƙi ɗanyen yumɓu, ya dubi yadda hannun ya zauna a ciki, ya sassaƙa mata ƙota daidai da shi. Har yau tana gyaran kifinta, kuma ko rance ba ta ba kowa wannan wuƙa.

Kai ne mai duban hannu kafin ka dubi ƙarfe, Baba. Mun daɗe muna zaune a gabanka ba mu lura ba, bakinmu ya yi mana yawa.

Duk da haka ni ina da ƙorafi ɗaya a kansa, kuma na daɗe ina riƙe da shi. A ƙotar wuƙata, ta gefe guda, akwai wani ɗan rami, katakon ya loɓa ya yi baƙi yana sheƙi. Duk lokacin da muka jera wuƙaƙe a benci, Tela sai ya sa yatsa a wurin ya ce, "Shugaba, taka gara ta fara ci." Abin na ƙona mini rai. Na roƙi Baba ya goge wurin ya daidaita, ko ya canza katakon gefen baki ɗaya. Sai ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To, sai an samu irin katakon." Wani lokaci ya ce dutsen bai dace ba, wani lokaci ya yi kamar bai ji ba. Mutumin da ya sassaƙa wa mai kifi ƙota a yini ɗaya, ya kasa cike mini rami ɗaya! Na rasa gane laifin da na yi masa.

Kwanakin baya 'yarsa ta zo ta ce aikin ya isa haka. Idonsa ya yi rauni, hannun ya fara rawa, za ta tafi da shi gidanta ya huta. Muka ce to, kafin a rufe shagon dole a raba gardama. Tela ya kawo wani ƙyalle ya rataya a ƙofar shago. Aka tara wuƙaƙenmu a faranti, Baba ya zauna a bayan ƙyalle, zai riƙa rufe su ɗaya bayan ɗaya, mu kuma mu faɗi ko tsohuwa ce ko sabuwa da kunne kawai. Mai facin taya ma ya bar aikinsa ya leƙo.

Ta farko ta rufe. Direba ya daki ƙirji ya ce, "Wannan tamu ce, ka ji nauyi!" Aka ɗaga ƙyalle, sai ga ƙotar roba, ta Tela. Aka bushe da dariya. Ta biyu ta rufe, Tela ya ce sabuwa ce ko shakka babu, ta fito tsohuwa. Ta uku kowa ya faɗi nasa, har waɗanda suka canka daidai suka ce su ma dace suka yi. Direba ya ce ƙyallen ne ke shanye sauti, Tela ya ce ƙarar injin mai faci ce, aka sa ya kashe, abin bai canza ba. Ni dai ina jiran tawa, don na tabbata ko cikin barci na ji ta zan gane.

Wata ta rufe. Na taɓe baki na ce, "Wannan ta zamani ce. Gwangwani."

Baba ya ɗaga ƙyalle da kansa. Wuƙar mahaifina ce a hannunsa.

Ba wanda ya yi dariya. Baba ya ce, "Kada ku damu, ni ma da ba ganinsu nake yi ba da ban bambance su ba. Sifirin tsohuwar ƙira ya ƙare a kasuwa tun tuni. In taku ta karye, na sabuwa nake gogewa in sa muku. Na sabuwar kuma yana zuwa da tauri, in masu ita suka kawo sai in sassauta shi ya yi kamar na da. To ka ga duk sun haɗu a tsakiya."

Direba ya ce, "Baba, kenan duk shekarun nan a kan me muke musu?"

Ya ce, "Ni ma abin da nake tambayar kaina kenan."

Na ce, "Baba, tawa fa?"

Ya ce, "Sifirinta sabo ne. Ƙusoshin ma sababbi ne. Ƙarfen yankan kuwa, ka tuna lokacin da ya cinye ya zama kamar tsinke, ka ce in samo maka wani? Na sabuwar ƙira na rage na sa. Ai na gaya maka a ranar. Kana can kana musu da Tela, ka ce mini to, to."

Na tuna ranar, na tuna musun, amma ban tuna maganar ba. Na ji kamar an sake yi mini mutuwa. Abin da nake ɗauke da shi a aljihu ina cewa gadon ubana, ashe guntu-guntu ya tafi ina kallo, ni ne ma nake kawo shi da hannuna. Ban san lokacin da na ce, "To me ya rage nasa?" ba.

Baba ya miƙo mini wuƙar. Na kai hannun dama, ya janye. Ya ce, "Da hagu."

Na karɓa da hagu. Babban yatsana ya faɗa cikin ramin nan ya zauna daram, kamar an auna.

Ya ce, "Babanka bahago ne. A kan wannan bencin yake zama in ya taso daga tasha, yana ɓare lemo yana ba ni rabi. Igiyar da ya yanka da wuƙar nan Allah kaɗai ya san yawanta, kuma kullum a nan yake danna yatsa. Kai kana riƙewa da dama, shi ya sa ba ku taɓa haɗuwa ba." Ya gyara tabarau ya ƙara da cewa, "Ni na ɗauka ka sani, gwada ni kake yi in ka ce in goge. Daga baya na ga da gaske kake, sai na rasa ta inda zan fara. Ƙarfe dai ana samun wani. Wannan in na goge, a ina zan samo maka?"

Na san mahaifina bahago ne, mahaifiyata ta sha faɗa. Ban taɓa haɗa wannan da ramin ba. Na yi kuka a gaban Tela, mutumin da na rantse ba zai taɓa ganin lagona ba. Shi ma ya juya yana ninke ƙyallensa, ya ninke ya warware ya sake ninkewa.

Har yau kaina bai gama warwarewa ba. Jiya Direba ya tare ni ya ce, "Shugaba, yanzu wane ɓangare muke?" Na ce masa wallahi ban sani ba. Wuƙata ƙarfenta na zamani ne, ƙararta ta hannun Baba ce, ƙotarta ta mahaifina. In akwai mai sunan da za a kira wannan, ya zo ya taimake ni.

Abin da na sani shi ne wannan. Baba Mai Washi, kai ne ka yarda in riƙa ganinka a matsayin mai jan aiki, shekara bayan shekara, maimakon ka goge abin da ba ya dawowa. Kai ne ka san inda magagari ke tsayawa. Mun gode, mu da masu kifi da mahauta, da magidancin nan da har yau shi da ɗan'uwansa suke gaisawa. Allah ya saka maka da alheri, ya ba idonka sauƙi, ya yi wa 'yarka albarka.

Ku kuma masu gyara, na agogo da na takalmi da na keke, da duk wanda ake damƙa wa tsohon kayan mutane, ku yi koyi da shi. Kafin ku goge tabo, ku tambayi wanda ya yi shi.

An rufe shagon yanzu, mai katifa ya cika shi da soso. Da yamma nakan zauna a tsakar gida in ɓare lemo da hannun hagu. Ban iya ba, ɓawon na fita a karkace, har na yanke sau ɗaya. Matata ta ce, "Wai me ya samu hannun damanka?" Na ce mata lafiyarsa lau, gaisawa muke yi da mahaifina.