Yaushe Za Ka Zo?

Sani direba ne ya ɗauko ni daga unguwar Bin Omran a Doha, inda na karanta wa 'yan uwanmu masu aikin gadi sabon littafina. Rayuwata ke nan yanzu: yau Doha, jibi wani gari, jakar littattafai ta fi ta tufafi nauyi. A motarsa waƙoƙin kantiri yake sakawa, na Turawan Amurka masu jita. Ya ce ba duka yake ganewa ba, amma ya san kukan wanda ya yi nisa da gida in ya ji shi.

Sai Iya, kakata, ta faɗo mini a rai. Da sanyi, in an ci tuwo, takan jawo kaskon wuta tsakiyar ɗaki, mu kewaye ta muna gasa gyaɗa, hayaƙi yana sa mu hawaye amma ba mai tashi. Ni ta fi tsokana. "Matso nan, maigida, kai mai ƙaiƙayin ƙafa. Tatsuniyar yau taka ce."

Ta ce wani mutum ne mai daɗin baki, ya bar gida ɗansa yana goye. Duk garin da ya sauka sai a roƙe shi ya ƙara kwana ya ba su labari, shi kuwa bai iya cewa a'a ba. Ranar da ya koma ya yi sallama, yaron ya fito da gudu, ya shimfiɗa masa tabarmar baƙi a zaure, ya kawo ruwa, ya durƙusa ya ce, "Malam, daga wane gari?"

Muka fashe da dariya. Iya ba ta yi ba. Ta tona garwashi ta ce, "Me kuke wa dariya? Yaron nan ladabi ya yi."

Na daɗe ina ɗauka labarin yaro wawa ne. Na rubuta littattafai, na ba da labari a gaban jama'a, ban gane wannan ba, sai ran nan a motar Sani da 'yata Hafsa ta kira. Ta gaishe ni tsaf, ta ce makaranta lafiya, sannan ta ce, "Abba, yaushe za ka zo?"

Za ka zo. Mai gida dawowa yake yi, baƙo ne ke zuwa. Ba da gangan ta faɗa ba, kuma shi ya fi yi mini ciwo. Ga shi da safen ranar na amsa gayyatar wani garin.

Ashe Sani yana jin muryarta ta wayar. Ya rage waƙar, bai dube ni ba.

"Malam, ka gode wa Allah, har yanzu Abba take ce maka. Ni da na je gida hutu bara, ɗana tashi ya yi ya ba ni kujera, ya ce, 'Bismilla, Alhaji.'"