Ranar da Awaki Suka Yi wa Inabin Aƙid Aski

Har gobe ban manta da wata Alhamis a gonar Aƙid ba, can bayan garin Sabha. Aƙid shi ne kanar a bakin Larabawa. Ya yi ritaya, amma kamar bariki yake tafiyar da gonarsa. Da ya ji na taɓa yin sarjan a sojan Nijar, sai ya ɗora ni a kan masu gadi, ya ce ƙananan laifuffuka ni zan hukunta.

Ran nan Illa, wani mai gadi ɗan Tawa mai shegen son hira, ya bar ƙofa a buɗe ya tafi shan shayi. Awakin maƙwabta suka shigo suka yi wa dashen inabin Aƙid aski tas. Na san in ya iso korar Illa zai yi, ga iyali a gida suna jiran aikensa. Tausayi ya kama ni.

A ƙa'idar soja sai an ji ta bakin mai laifi, kuma ba a hukunta mutum sau biyu a kan laifi guda. Nan take na kafa kotu a gindin dabino.

"Illa, ka bar ƙofa?"

"Na bari, Sarjan, amma shayin nan..."

"Ya isa. Saɓa buhun taki ka yi ta zagaya gona!" Na raɗa masa a kunne, "Ka riƙa nishi sosai."

Aƙid na sauka daga mota ya ga ɓarna, ya daka tsawa, "A kore shi yanzu!"

Na ƙame. "Ya Aƙid, an riga an yanke hukunci, ga shi can yana yi. Na biyu ya saɓa doka."

Ya daɗe yana kallona, gashin bakinsa na motsi.

"Bahi," in ji shi, wato shi ke nan. "Shi ya tsira. Wa ya ajiye sarkin surutu a ƙofar da ke kallon mai shayi?"

"Ni ne."

"Kai an hukunta ka?"

"A'a."

"To, akwai sauran buhu."

Haka na bi bayan Illa cikin rana, yana nishin ƙarya, ina na gaske. Bai rasa aikinsa ba. Ni kuwa na koyi cewa a tsarin soja laifin na ƙasa ba ya tsayawa a kansa, sai ya hauro wurin wanda ya tsayar da shi. Ku da aka ba mutane, ku san inda kuke ajiye kowa.