Muryar da Injiniya Ya Ɗinka wa Auta

Injiniya ake ce masa a layinsu, ko da yake bai taɓa kwance inji ba. Aikinsa haɗa sauti. Ɗakinsa yana bayan shagon wani tela, an manna soso a bango, ga lasifika biyu a kan tebur da kwamfuta a tsakaninsu. Mawaƙi zai rera ya tafi, shi kuma ya zauna da muryar, ya yanke numfashin da ya yi yawa, ya rage nauyin ganga don kada ta danne baiti, ya ɗan sa amsa-kuwwa. In ya gama sai ya daidaita ƙarar waƙar gaba ɗaya, ya saurara a waya, ya sake saurara a tsohuwar motar telan. Sai ta yi daɗi a duka biyun yake sakinta. Shekara goma sha shida yana wannan sana'a.

Ƙaninsa, autan gidansu, direban motar kaya ne, magidanci, kuma ba abin da yake so kamar waƙa. Sai dai muryarsa ba ta bin kari, sauka take yi inda ya kamata ta hau. Mahaifiyarsu ce ta matsa.

"Kana ta gyara wa bare," in ji ta. "Ɗan'uwanka fa, ba shi da baki ne?"

Auta ya rera waƙa ɗaya sau ashirin da uku. Injiniya ya yi kwana tara a kanta. Ya tsinto kalma daga nan, rabin kalma daga can, ya ɗinke. Inda muryar ta zame ya ɗaga ta da na'ura, inda ta riga kiɗa ya ja ta baya. Da Auta ya saurara, ya cire abin sauraron daga kunnensa a hankali.

"Yaya, ashe haka nake?"

Injiniya ya buɗe baki, sai ya ga idon ƙaninsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Haka kake."

Waƙar ta shiga gari. Auta ya ajiye tuƙi. Bayan wata huɗu aka gayyace shi wani taro, inda zai rera da makaɗa a gaban jama'a. Injiniya ya daina cin abinci sosai, har matarsa ta lura. Ya kira Auta ya ce a kunna waƙar da aka haɗa, shi ya riƙa bi da baki.

"Wato gani kake ba zan iya ba?"

"Ban ce haka ba."

"To ka zo ka sha kallo."

Ya je. A baiti na biyu mai jita ya waiga ya dubi mai ganga. Kafin amshi dariya ta fara daga kujerun baya, mutane suka ɗaga wayoyi suna ɗauka. Auta ya kai waƙar ƙarshe, zufa na ɗiga daga haɓarsa.

Washegari da safe ya shigo ɗakin ba sallama.

"Kunna min ta asali, wadda ba ka taɓa ba."

Injiniya ya kunna. Suka saurara har ta ƙare, ba wanda ya dubi wani.

"Tun ranar ka sani."

"Na sani."

"Ka bar ni na ajiye aikina."

Ya fita. Da Injiniya ya je gida, mahaifiyarsu ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Taimako na ce ka yi masa. Ban ce ka rufe masa ido ba." Bai tuna mata wanda ya matsa ba.

Auta ya samu wata mota, ta doguwar hanya, sai ya yi sati uku bai dawo ba. In sun haɗu yana amsa gaisuwa, ya tambayi iyali, shi ke nan.

Yanzu duk mawaƙin da ya zo, Injiniya yakan fara kunna masa muryarsa tsirara kafin ya taɓa komai. Wasu kan koma gaban makirfo su sake rerawa. Wata mawaƙiya kuwa ta ɗauki jakarta ta ce ba wulaƙanci ya kawo ta ba, ta tafi wurin wani mai haɗa sauti a gaba da kasuwa.