Yayen da Aka Yi Mini a Cadakori

Ni ɗan fari ne, haifaffen Gidan Sori. Ban gama iya tafiya ba mahaifiyata ta sake samun ciki, sai aka yaye ni rana ɗaya, aka ɗora ni a kan jaki zuwa wurin kakata a Cadakori. Kakar ba ta daɗe ba ta rasu, na riƙa zagaya gidajen dangi. Da aka maido ni, kunyar ɗan fari ta hana mahaifiyata ko kama sunana. Ban zarge ta ba. Abin da ta tarar ke nan.

Na yi lakol, wato makarantar boko, na zama malami, na koyar har na aje aiki da mutuncina. Amma tsawon wannan zamani jikina bai taɓa ba ni hutu ba. Kowace damina zazzaɓi ni yake fara kayarwa, ƙaramin rauni sai ya ƙi warkewa. Abokan aiki suka ce raki ne, dangi suka ce sammu. Girman kai ya sa na daina faɗa wa kowa, ina jinya ni kaɗai.

Bara jikata mai karatu a jami'a ta zo gaishe ni. Ta ce masana suna raba jariran ɓeraye da uwarsu, kuma idan suka girma garkuwar jikinsu takan bambanta da ta sauran. Na tsawata mata da ta daina haɗa kakanta da ɓarawon rumbu. Ta yi dariya, ta ce ita ma ba ta ce ɓera mutum ne ba, ni angon nata na wasan jika da kaka ne na tsargu. Bayan tafiyarta na kasa fitar da maganar daga raina.

Da ɗana ya zo yana sanar da ni za a kai ɗansa yaye garin Gangara wurin surukar ɗan nawa, na hana. Ya ce surukai za su ɗauka raini ne. Na ce su ɗauka. An yaye yaron a hankali, a ɗakin uwarsa. Surukan sun yanke gaisuwa, ɗana kuma ya rage zuwa, har salla ta wuce ban gan shi ba.

Ba ni da tabbacin abin da ya raunana ni, Allah ne masani. Sai dai ina gargaɗin iyaye: kada ku ce yaro zai manta. Ni na manta ranar, amma ban ga alamar jikina ya manta ba.