Abokin Gardamar Zakariya'u

Zakariya'u mai faci ne a bakin babbar hanya a Dogarawa. Ya fi shekara talatin a ƙarƙashin rumfar kwano guda, da famfon iska da bahon ruwan da yake tsoma tayoyi don ya ga inda suka huje. Matarsa ta rasu tun ƙaramin ɗansu yana lakwal, wato makarantar boko. Ƴaƴansa maza biyu sun tafi cin rani Abijan, suka yi zamansu can, ɗiyarsa Latifa kuma tana aure a Tawa. Gida ya koma wurin kwana kawai. Idan babu moto ko amalanke da ta tsaya, sai ya wuni bai yi magana da kowa ba, in ban da rediyon da yake ratayewa a ƙusa.

Akwai wani ƙaramin gidan rediyo a Konni da ke da shiri kowace safiya, ana kiransa Zauren Hantsi. Maman Sani, mai gabatarwa, yakan karanta labaran gari, na kasuwa da na ofishin magajin gari da na makaɗa da ƴan kokowa, sannan ya buɗe layi. Zakariya'u ya fara kira ne a kan ramukan hanya, don ya san su fiye da kowa. Bai gama ajiye waya ba sai wani ya shigo, mai kaurin murya, ya ce sunansa Yakuba daga Bazaga.

"Malam Maman Sani," in ji shi, "wanga mai faci da ya yi magana, in aka gyara hanya mi zai ci? Ku tambaye shi."

Ranar Zakariya'u bai ci abincin rana da daɗi ba. Washegari ya kira ya rama, Yakuba ya sake kira, daga nan abin ya zama kullum. Idan Zakariya'u ya ce takin zamani ya gyara gona, Yakuba ya ce ya kashe ƙasa. Idan ya yabi ɗan kokowa, Yakuba ya ce wannan ko akuya ba zai kayar ba. Sun yi gardama a kan zaɓe, a kan albasar Galmi, a kan ko kiɗan matasa na yanzu kiɗa ne. Mutane har tsayawa suke yi a rumfa su ce, "Baba, jiya ka kwantar da na Bazaga." Shekara tara suna haka, ba su taɓa ganin juna ba. Zakariya'u yakan ce ba shi da maƙiyi kamar mutumin nan.

Wata Litinin a farkon damina ya yi magana a kan tsadar iri, ya tsaya da waya a hannu yana jiran martani. Yakuba bai shigo ba. Talata ma haka. Ranar Alhamis da gangan ya faɗi abin da shi kansa bai yarda da shi ba, cewa wake ya fi hatsi daraja. Mutum uku suka kira suka ce Baba ya yi gaskiya. Ya kashe rediyo tun shirin bai ƙare ba.

Bayan mako biyu ya kira Maman Sani ba a kan iska ba, ya tambayi labarin Yakuba kamar abin bai dame shi ba. Maman Sani ya ce shi ma ya nemi lambar, a rufe take.

Ranar Juma'a Zakariya'u bai buɗe rumfa ba. Ya sa rigarsa ta salla, ya shiga motar tasha zuwa Konni, daga can ya hau kabu-kabu. A Bazaga bai sha wuyar tambaya ba, ya ce Yakuba na rediyo, aka nuna masa gida mai dangar kara. Da ya yi sallama, wata dattijuwa ta leƙo, ta tsaya tana kallonsa.

"Sake sallamar," ta ce.

Ya sake.

"Kai ne mai facin Dogarawa. Shigo, Malam, shigo. Ni ce Fadimatu, iyalinsa."

A ransa ya daɗe da zana ƙaton mutum. Wanda ya tarar a kan tabarma ɗan tsamurmurin tsoho ne, an jingina shi da matashi, bakinsa ya karkace, hannun dama kwance a cinya. Fadimatu ta ce a gona ya faɗi, an kai shi likita a Konni, rai dai ya tsaya amma harshe ya tafi. Su biyu ne kawai a gidan.

"Malam, ga abokin faɗanka ya zo," ta ce wa mijinta.

Yakuba ya dube shi tun daga hula har takalmi. Zakariya'u ya gaishe shi, ya yi masa sannu, ya zauna kusa da shi. Kaji suna kiwo a gabansu. Can sai ya ce, "Ni dai har gobe ina nan a kan bakata, taki shi ke gyara gona."

Yakuba ya ɗaga hannun hagu ya daki tabarma. Ya sake duka. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, idanunsa suka kawo ruwa, Fadimatu ta rufe baki da gyale tana dariya. Zakariya'u ya gyara zama ya shiga kawo hujjoji ɗaya bayan ɗaya, tsohon yana girgiza kai, har aka kira sallar Juma'a.

Sau huɗu ya koma a wannan damina, kowane zuwa da goro da sabon zance. Ana gab da yankan hatsi Fadimatu ta ari wayar maƙwabta ta sanar da shi Yakuba ya rasu. Bai samu jana'iza ba, sai zaman makoki. Wani ɗan'uwan mamacin ya tambaye shi ta ina suka haɗa dangi, ya ce shi baƙo ne daga Dogarawa, bai ƙara ba.

Da Maman Sani ya karanta sanarwar rasuwar a Zauren Hantsi, ya kira Zakariya'u da kansa ya ce ya faɗi wani abu. Zakariya'u ya gyara murya. Sannan ya ce, "Allah ya jiƙan shi. Mutum ne mai sauraro." Ya ajiye wayar. Wani mai amalanke yana tsaye tun ɗazu da taya a kafaɗa, Zakariya'u ya karɓa, ya jawo kujerarsa.